Faifan Mdou Moctar: Ƙorafin na Faransa ne kaɗai, ko har da Yamai?

Lokacin da ƙungiyar mawaƙan Mdou Moctar ta fitar da faifanta mai suna "Funeral for Justice", wato jana'izar adalci, ranar 3 ga Mayun 2024, watanni tara ke nan da sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum, kuma sojan Faransa na ƙarshe ya riga ya fice daga Nijar tun Disamban 2023. Da yake akwai waƙa a ciki mai suna "Oh France" da ke tuhumar tsohuwar uwargijiyar, mutane da yawa sun ɗauki faifan a matsayin kiɗan sabon zamani. Sai dai an naɗe shi ne a Amurka kafin juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, kuma tarihin da yake ɗauke da shi na arewacin ƙasar ne, tarihin da ba ya yi wa kowace gwamnati ta Yamai daɗin ji.

Mutum huɗu ne ƙungiyar: Mahamadou Souleymane, wanda aka fi sani da Mdou Moctar, da Ahmoudou Madassane, da makaɗin ganga Souleymane Ibrahim, sai Ba'amurke Mikey Coltun. Mdou Ba'abzine ne daga jahar Tawa, wanda ya haɗa jitarsa ta farko da wayar birkin keke saboda gidansu ba sa son kiɗa. A Sakkwato ya naɗi faifansa na farko, "Anar", a 2008, da irin gyaran muryar nan na na'ura da aka saba ji a waƙoƙin finafinan Hausa. Babu kamfanin da ya tallata shi. Daga waya zuwa waya waƙoƙin suka yi ta yawo har suka faɗa kunnen wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, mai ƙaramin kamfanin Sahel Sounds. Yanzu kamfanin Matador na birnin New York ne ke fitar da su.

Tuhumar da faifan yake wa Faransa ba sabuwa ba ce ga ɗan Nijar. Tun 1971 ake haƙar uranium a Arlit, a mahaƙar SOMAIR, daga baya aka buɗe ta COMINAK a Akouta, wadda aka rufe a 2021. Sama da shekara hamsin ana kwasar ma'adinin da ke kunna wuta a wata ƙasa, alhali kusan mutum ɗaya ne cikin biyar ke da lantarki a Nijar, kuma har zuwa 2023 mafi yawan wutar ma daga Najeriya aka riƙa sayo ta. Kowa ya ga abin da hakan ke nufi lokacin da aka katse layin a Agustan 2023 saboda takunkumin CEDEAO.

A nan maganar mawaƙin da ta hukumomin soja sun zo ɗaya. Gwamnati ta ƙwace lasisin Imouraren daga hannun kamfanin Orano a Yunin 2024, ta mayar da SOMAIR mallakin ƙasa a Yunin 2025. A Yamai, titin de Gaulle ya koma titin Djibo Bakary, cibiyar al'adu ta Jean Rouch ta koma ta Moustapha Alassane. Amma shi Mdou ya faɗa a fili cewa bai goyi bayan juyin mulki ba, ko da yake bai taɓa son zaman Faransa a ƙasarsa ba. Kuma waƙar da ta ba faifan suna da shugabannin Afirka take magana.

Ga wanda ya tashi a Azawak ko Abzin, asusun zalunci bai rufe a 1960 ba. Gaskiya ne Faransa ce ta murƙushe boren Kaocen, wanda ya yi wa sansaninta na Agadas ƙawanya daga Disamban 1916 zuwa Maris na 1917, ta kashe malamai da mutanen gari, ta tarwatsa dukiyar makiyaya. Amma a Cintabaraden, a Mayun 1990, sojojin Nijar ne suka yi ramuwa kan farar hula bayan harin da wasu matasa suka kai wa jami'an tsaro. Hukuma ta ce gommai ne suka mutu, Abzinawa suka ce ɗaruruwa, kuma har babban taron ƙasa na 1991 ya tattauna batun. Tawaye ya biyo baya, aka sa hannu kan sulhu ranar 24 ga Afrilun 1995, aka sake komawa daji daga 2007 zuwa 2009. Kiɗan jitar da Mdou ya gada daga irin su marigayi Abdallah Oumbadougou a wannan zamanin ya yi ƙarfi, lokacin da kaset ɗinsa ke tafiya a ɓoye daga hannu zuwa hannu. Ba sai waƙa ta ambaci Cintabaraden ba kafin mutumin yankin ya ji ta a ciki.

Dole a faɗi ɗaya gefen. Nijar ta fi Mali iya riƙe wannan rauni. Brigi Rafini, ɗan Iferouane, ya yi shekara goma yana firaminista, daga 2011 zuwa 2021, tsofaffin 'yan tawaye da dama sun zama magadan gari da 'yan majalisa. Shi ya sa faifan bai kira kowa ya ɗauki bindiga ba. Abin da ya fi damun sa shi ne ɓacewa.

Waƙar "Imouhar" kira ce ga Abzinawa su riƙe harshensu na Tamashek. Mdou ya sha faɗa a hirarraki cewa matasa sun koma Faransanci, masu iya rubutun Tifinagh suna ƙarewa. Wannan ɓangaren ne ya kamata mai karatu Bahaushe ya tsaya a kansa, domin a kasuwar Agadas, ko Arlit, ko Tawa, ba da Faransanci ake ciniki ba. Yaron da iyayensa suka baro daji saboda fari suka zauna a gari, Hausa yake fara ɗauka a layi, tun kafin ya shiga lakwal. Agadas kanta ta taɓa samun nata harshen, wani reshe na Sanwai da ake kira Emghedesie, wanda yau babu mai magana da shi. Babu wanda ya hana shi da doka. Kasuwa da auratayya ne suka cinye shi a hankali.

Sai ga kundin sake gina ƙasa da Janar Abdourahamane Tiani ya ƙaddamar ranar 26 ga Maris na 2025. Ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, ya sauke Faransanci zuwa harshen aiki tare da Ingilishi, sauran harsuna tara kuma, ciki har da Tamashek da Zabarmanci da Fulatanci da Barbarci, aka kira su harsunan da ake magana da su a Nijar. Hausawa da yawa sun yi murna, daga Damagaram har Kano, kuma suna da hujja: fiye da rabin 'yan ƙasar Hausa ce harshensu na uwa, wasu miliyoyi kuma suna jin ta. To amma kundin tsarin mulkin 2010 duka harsunan ya ba matsayin harshen ƙasa daidai wa daida. Ga Ba'abzine ko Bazabarme, abin da ya faru shi ne harshensa ya sauka mataki ɗaya a ranar da ake bikin korar harshen Bature. Idan ba a zuba kuɗi wajen koyar da waɗannan harsuna a makarantun firamare da gidajen rediyon jama'a ba, matakin zai gaggauta abin da "Imouhar" ke kuka a kai.

Akwai kuma tambayar su wa ke jin faifan. A Tamashek aka rera mafi yawansa, masu sayen sa kuwa suna Turai da Amurka, suna karanta fassara. Juyin mulkin ma a can ya riske su suna zagayen wasa, aka rufe iyakoki, suka kasa komawa gida na wani lokaci. A zaman jiran ne suka sake naɗar waƙoƙin da jita marar lantarki, abin da ya fito a Fabrairun 2025 da sunan "Tears of Injustice". A gida kuwa har yanzu wajen biki da wayar hannu ne kasuwar wannan kiɗa, inda mawaƙi ke samun suna amma ba ya samun kuɗin faifai.

Yanzu da SOMAIR ta dawo hannun ƙasa, babu sauran wani Orano da za a nuna wa yatsa kan abin da za a haƙo gobe. Dokar ma'adinai ta 2006 ta ware kashi 15 cikin ɗari na kuɗin shiga domin ƙananan hukumomin yankin da ake haƙar, kuma magadan garuruwan jahar Agadas sun daɗe suna kukan cewa kason ba ya isowa a kan lokaci. A gefen Akouta kuma akwai tarin dusar ma'adini mai guba, kimanin tan miliyan 20, da COMINAK ta bari, kusa da ruwan ƙarƙashin ƙasa da mutanen Arlit ke sha.