Borehol ba tsarin ruwa ba ne, mu daina yaudarar kanmu a Gidan Kwano



Duk mai gina ɗakunan haya na ɗalibai a Gidan Kwano yanzu, abin da yake fara yi shi ne kiran masu haƙa borehol. Makwabcinsa ya ga haka, shi ma ya haƙa nasa, ya zarce shi zurfi. Da an shiga watan Maris, famfo ya fara tari, sai a koma wajen 'yan garuwa. A hakan wasu ke cewa an magance matsalar ruwa. Mu ba mu yarda ba.

Ƙasar Minna a kan dutse take. Ruwan ƙarƙashinta yana maƙale ne a tsagogin dutse da ɓurɓushin da ke samansa, kuma ruwan sama ne kaɗai ke mayar da abin da aka zuƙe. To ga damina ta canza hali. Takan yi jinkiri, ta yanke a tsakiya, sannan ta zubo da ƙarfi cikin 'yan awoyi. Irin wannan ruwan ba ya samun sukunin nutsewa, balle mun shafe tsakar gidaje da siminti. Gudu yake yi, ya ci hanya, ya wuce rafi. Abin da ya faru a Mokwa a ƙarshen Mayun 2025, inda ambaliya ta kashe mutum fiye da 150, a jiharmu ne.

Abin takaici, Jihar Neja ce ke da Kainji da Shiroro da Zungeru. Hedikwatar hukumar raya kogin Neja ta sama tana Minna. Jami'ar FUT da ke gabanmu tana da shirin WASCAL, inda ɗalibai daga ƙasashen Afirka ta Yamma ke nazarin sauyin yanayi. Ilimin yana bayan katanga, unguwar da ke bakin ƙofa kuwa kowa na haƙa yadda ya ga dama, wani ma dab da masan makwabcinsa.

Masu cewa ruwa na Allah ne, gaskiya suka faɗa. Amma lissafi bai saɓa wa tawakkali ba. Minna na samun kusan milimita 1,200 na ruwan sama a shekara. Rufin kwano mai murabba'in mita 100 yana karɓar wajen lita 120,000, wato jarka 4,800 mai lita 25. Gida nawa ne a nan ke da indararo da tanki?

Muna kira ga masu unguwanni da masu gidajen haya su zauna da ƙaramar hukumar Bosso: a ƙirga borehol ɗin da ake da su, a auna zurfin ruwansu rani da damina, a sa tazara tsakaninsu da masai, kuma kada a amince da sabon gini sai da tankin tara ruwan sama. Gwamnatin jiha kuma ta faɗa mana a fili yaushe bututu daga Chanchaga zai iso nan, kuma ko madatsar Tagwai za ta iya ɗaukar wannan ƙarin jama'a idan rani ya tsawaita.