Karfasa ba "carpe" ba ce

Jama'a, a New Bell yau idan aka aiki yaro sayen karfasa, "carpe" zai ce wa mai kifi. Sunan aro ne, kuma ba daidai ba ne, domin kifin da Faransawa ke kira carpe danginsa daban. Ita karfasa tana cikin dangin da masana ke kira sikilid, masu 'yan'uwa har a tafkunan Nikaragwa, can Amurka ta Tsakiya.

Su masanan ba su raina sunan gargajiya yadda muke raina namu. A tafkin Barombi Mbo, kusa da Kumba, akwai sikilid iri 11 da babu su ko'ina a duniya sai can. Da Baturiyar Ingila Ethelwynn Trewavas ta tsara sunayensu a 1972, bakin masuntan wurin ta bi: pungu, myaka, dikume. Shi dikumen nan, ƙarfin jininsa ke ba shi damar nutsawa ƙasa inda iska ta yi ƙaranci.

Mu fa? A ajinmu yara nawa za su bambanta tarwaɗa da ragon ruwa? Mun fara tattara sunayen kifi daga bakin dattawan unguwa. Wanda ya san wasu, ya aiko wa wannan shafi.