Sanofi: shugabanni na sauyawa, riba na mulki

Duk wanda ya taɓa sayen Doliprane a farmasin Yamai, Maraɗi ko Damagaram ya san sunan Sanofi, babban kamfanin magunguna na ƙasar Faransa. Amma kaɗan daga cikinmu suka san su wa ke yanke wa shugabanninsa hukunci. Ba likitoci ba ne, ba kuma marasa lafiya ba. Masu hannun jari ne.

A watan Oktoba 2014 kamfanin ya bayyana cewa cinikin magungunansa na ciwon sukari zai yi sanyi a Amurka. Ranar nan darajar hannun jarinsa ta faɗi da wajen kashi 10 cikin 100. Washegari majalisar gudanarwa ta sallami shugaba Chris Viehbacher. Magajinsa, Olivier Brandicourt, an yi masa alƙawarin goron maraba na euro miliyan 4, wato fiye da miliyar 2 da rabi na kuɗin sefa, har wasu ministocin Faransa suka yi tir.

A 2019 aka ɗauko Paul Hudson daga Novartis. Cikin watan Disamba na shekarar ya ce an daina binciken sababbin magungunan ciwon sukari da na zuciya, za a kuma rage kashe kuɗi. Masu jari suka yi tafi, farashi ya hau. A watan Oktoba 2023 shi dai wannan mutum ya ce zai ƙara kuɗin bincike, ko da riba za ta ɗan ragu. Cikin yini guda hannun jarin ya zube da kusan kashi 19 cikin 100. To, jama'a, wane darasi ke nan? In ka rage bincike a yaba maka, in ka ƙara a hore ka.

Ɗan kasuwa zai ce wannan ba laifi ba ne, wanda ya zuba dukiyarsa yana da ikon neman riba. Gaskiya ne, kuma ba a ƙera magani da fatan alheri. Sai dai magani ba atamfa ba ne. A 2014 reshen Sanofi Pasteur ya daina yin Fav-Afrique, maganin dafin macizan Afirka, saboda kasuwarsa ba ta biya ba. Manomin da kububuwa ta sara a gona ba shi da kujera a taron masu jari na birnin Paris. Doliprane kansa, a 2025 an sayar da rabin reshen da ke yin sa ga wani asusun jari na Amurka, bayan gwamnatin Faransa ta nemi tabbacin za a ci gaba da yin sa a ƙasarta.

In Faransa, mai masana'antu, ta ji tsoron rasa maganin ciwon kai, ina ga mu da ke shigo da kusan kowace ƙwaya daga waje? Gemun maƙwabci ya kama wuta. Ya kamata magabatanmu su yawaita wuraren saye, su ƙarfafa ma'ajiyar magunguna ta ƙasa, su haɗa kai da maƙwabta wajen sarrafa magungunan yau da kullum. Mai jari yana tsaron aljihunsa. Lafiyar talaka kuwa amana ce a wuyan hukuma.