Wanda Ya Karɓi Makulli, Shi Ke Da Nauyin Mota



Akwai wata magana da ke raba zumunci a tsakaninmu, amma ba mu cika zama mu tattauna ta ba sai ta faru. Mutum zai kai motarsa filin dillalai a Mubi ko Yola don a sayar masa, ko ya bar ta a gareji don gyara. Bayan kwana biyu ya dawo ya tarar an cire batir, an fasa gilashi, ko yaron gareji ya fita da ita ya buga wa wani. Wani lokacin ma motar ce gaba ɗaya babu. Da ya buɗe baki sai a ce masa, "Yi haƙuri, ƙaddara ce." To, wa zai biya?

Ra'ayina a fili yake. Duk wanda ya karɓi makullin motarka don ya ci riba da ita, ko la'adar dillanci ko kuɗin gyara, nauyin motar ya hau kansa har ranar da ya mayar maka. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Wannan ba son zuciya ba ne, haka dokar ƙasa take. Idan ka damƙa kayanka a hannun wani ya karɓa, sannan kayan suka ɓace ko suka lalace, ba kai ne za ka kawo hujjar cewa ya yi sakaci ba. Shi ne zai nuna wa alƙali cewa ya kula da su yadda mai hankali zai kula da nasa: akwai katanga, akwai ƙofa, akwai maigadi, an san inda makulli yake kwana. In ya kasa, ya biya.

Amma a lura da kalmar "damƙa". Akwai shari'ar da lauyoyin Najeriya suka sani sosai. A watan Disamba na 1986, wani alƙali mai suna K. O. Anyah ya sauka a otal ɗin Concorde da ke Owerri, ya ajiye motarsa a harabar otal, ya kulle ya riƙe makullinsa. Aka sace motar. Kotun farko ta ba shi gaskiya, amma a 2002 Kotun Ƙoli ta ce otal ɗin ba zai biya ba, domin wurin ajiyewa kawai aka ba shi, motar ba ta shiga hannunsu ba. Shekara 16 ana shari'a, alƙali da kansa ya tashi a tutar babu. Darasin shi ne: ajiye mota a harabar wani daban, miƙa masa makulli daban. Dillali da makanike suna karɓar makulli, suna tayar da mota, suna fita gwaji da ita. Saboda haka ba za su fake da wannan hukunci ba.

Wasu filayen sukan kafa allo da Turanci cewa duk abin da ya samu mota asarar mai ita ce. Allon yana da amfaninsa, amma ba laya ba ne. Dokar kare haƙƙin masu saye da aka sa wa hannu a 2019, wadda hukumar FCCPC ke aiki da ita, ba ta yarda ɗan kasuwa ya wanke kansa daga babban sakaci da rubutun bango ba. Wanda ya bar ƙofa a buɗe, ko ya rataye makullai a ƙusa inda kowa ke wucewa, ba zai nuna allo ya ce ya kuɓuta ba.

Addinanmu biyu ma ba su bar wannan a duhu ba. A mazhabar Malikiyya, mai riƙon ajiya don Allah ba ya biya sai in ya yi sakaci, amma mai sana'a da ya karɓi kayan mutane don ya yi aiki a kansu, kamar tela ko maƙeri, shi ke lamunin kayan sai in ya kawo shaidar cewa sun salwanta ba da laifinsa ba. A Littafin Fitowa sura 22 kuma an bambanta: dabbar da aka ba mutum riƙo, in an sace ta a hannunsa zai biya, in naman daji ya kashe ta sai ya kawo shaida a ƙyale shi. Tun kafin a ƙera mota an san bambancin ƙaddara da sakaci.

Yanzu bari mu yi wa dillalai da makanikai adalci. Mu a nan mun san abin da ya fi ƙarfin maigadi. A watan Satumba na 2014 Boko Haram suka shiga Michika, a ƙarshen Oktoba suka kama Mubi. Mutane sun bar shaguna da motoci sun hau duwatsu da ƙafa. A Maris na 2019 ma sun sake afka wa Michika. Wanda aka ƙona ko aka kwashe motocin filinsa a irin wannan rana, babu mai hankalin da zai ce ya biya. Haka wanda 'yan fashi suka zo masa da bindiga duk da ya yi tanadin tsaro. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ɗauki uzurin 2014 a lulluɓe satar batir ta daren Talata. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma mai bango ne ya san tsagar.

Akwai kuma wanda ya sayi mota 'yar Kwatano, ya biya kuɗi cif, ya ce a bar masa ita a fili sai ya gama takardu. A nan sai a yi hattara. A ƙa'idar ciniki, da zarar mota ta zama taka, asarar da ba laifin kowa ba kanka take faɗawa. Dillali zai biya ne kawai in sakacinsa ya jawo. Don haka in ka biya, ɗauki abinka.

Kada kuma wani ya ce ai yana da inshora. Wadda yawancinmu muke yanka, ta naira 15,000 tun daga Janairun 2023, tana biyan ɓarnar da ka yi wa dukiyar wani ne, har zuwa naira miliyan 3. Ba ta biyan motarka in an sace ko an fasa. Sai cikakkiyar inshora, ita ma ka karanta sharuɗɗanta, don yawanci ba ta ɗaukar asarar yaƙi.

To me ya kamata mu yi? Babbar matsalarmu ita ce kunya. "Ai ɗan garinmu ne, yaya zan ce ya rubuta mini takarda?" Wannan kunyar ce ke kai 'yan uwa ofishin 'yan sanda daga baya. Kafin ka miƙa makulli, a rubuta lambar mota, lambar inji da ta shasi, ranar da aka karɓa, farashin da aka amince, da abin da ke ciki: safaya, jak, batir, rediyo. A rubuta wa aka yarda ya tuƙa ta, kuma zuwa ina. Ku biyu ku sa hannu gaban shaida. Ɗauki hotonta ta kowane ɓangare da wayarka, har da lambar tafiyar da ke kan allo. Takardun mota na asali su zauna a hannunka sai ranar ciniki, kwafi ya isa.

Ga shugabannin dillalan mota da na ƙungiyar makanikai ta NATA a Mubi da Michika, ina roƙo ku buga takardar karɓar mota guda ɗaya da kowane memba zai riƙa amfani da ita, ku kuma kafa kwamitin sasanci da zai saurari ƙorafi cikin mako guda. Dillali na gari ba ya tsoron takarda, domin ita ce za ta kare shi ranar da wani zai ce ya kawo mota da sabon batir alhali da tsohon ta zo. Amma wanda ya sayar da motar amana ya cinye kuɗin, ko ya cire kayanta ya sa tsofaffi, wannan ba maganar sasanci ba ce, cin amana ne, kuma laifi ne a dokar Jihar Adamawa.

Mota ga yawancinmu ba ado ba ce. Kuɗin wake da gyaɗa ne na shekaru, ko giratutin aiki, ko bashin da ba a gama biya ba. Haƙuri yana da kyau, amma wanda aka yi wa asara shi ke da ikon yafewa, ba wanda ya yi sakaci ke da ikon tilasta masa ba.

Allah Ya tsare mana dukiyoyinmu, Ya ƙara mana zaman lafiya a Michika da Adamawa baki ɗaya.