BURMI: FILIN SHAHADA NE, BA WAJEN SHAN ISKA BA

Duk shekara ranar 27 ga watan Yuli takan zo ta wuce a ƙasar nan kamar ba a taɓa yin komai a cikinta ba. Ba ta cikin ranakun hutu, kuma da wuya a ji wani mai mulki ya ambace ta. Alhali kuwa a irin wannan rana ce ta shekarar 1903, wadda ta yi daidai da farkon watan Jimada Ula na 1321 bayan Hijira, Sarkin Musulmi Muhammadu Attahiru na ɗaya (Allah Ya yi masa rahama) ya yi shahada a garin Burmi, shi da mutane sama da 600, a hannun rundunar Turawan mulkin mallaka na Ingila.

Abin takaici, ƙasar da ta kasa tuna wannan rana ita ce a shekarar 2014 ta shirya gagarumin bikin cika shekara 100 da haɗe Arewa da Kudu, har ta sa sunan Lugga da na matarsa cikin waɗanda aka karrama da lambar yabo. Wato an yaba wa wanda ya tura sojojin, an bar wanda aka harbe kwance a daji. Har gobe ginin da 'yan majalisar jihar Kaduna suke zama a cikinsa da sunan Lugga ake kiransa. To, abin tambaya a nan shi ne, matasa nawa ne za su iya nuna inda Burmi take a taswira?

Burmi dai tana kusa da Bajoga, cikin ƙaramar hukumar Funakaye ta jihar Gombe, ba nisa da kogin Gongola. Yadda aka yi Sarkin Musulmi ya baro Sakkwato har ajali ya riske shi a can, labari ne da ya wajaba kowane saurayi ya sani. Turawa sun ci Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903, suka wuce Sakkwato, aka kara a filin Giginya ranar 15 ga Maris. A lokacin Attahiru bai fi wata biyar a kan sarauta ba. Da aka fi ƙarfin rundunarsa sai ya zaɓi hijira a kan zama ƙarƙashin hukuncin Nasara, ya nufi gabas da niyyar isa Makka. Kafin mako ya zagayo Lugga ya naɗa wani Attahirun, ɗan Aliyu Babba, a madadinsa.

Turawa sun ɗauka magana ta ƙare. Sai ga shi duk ƙasar da Sarkin Musulmi ya ratsa, daga Zamfara zuwa ƙasar Kano har Misau, dubban jama'a suna barin gidajensu da gonakinsu suna bin sa, malamai da almajirai, manoma da makiyaya, mata da yara. Wannan ne ya tayar wa Turawa hankali, suka baza sojoji a bayansa. Ranar 13 ga Mayu wata runduna ƙarƙashin Kyaftin Sword ta far wa Burmi, mutanen garin suka kore ta, ta juya da raunuka. Sai ranar 27 ga Yuli suka dawo da shiri, da igwa da bindiga mai ruwa, aka wuni ana gwabzawa. Shugaban rundunar, Manjo Marsh, kibiya ta same shi ya mutu nan take a fagen fama. Kafin rana ta faɗi Sarkin Musulmi ya kwanta dama, gawarwakin mutanensa sun kewaye shi, aka kuma rushe garin. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a suka ci gaba da tafiya, har suka zauna a bakin kogin Nilu a ƙasar Sudan, inda garin Mai Wurno yake har yau.

Wannan fili ne yanzu ake lissafawa cikin wai wuraren yawon buɗe ido, a jera shi tare da duwatsu da madatsun ruwa da gandun namun daji. Subhanallahi! Wurin da aka zubar da jinin ɗaruruwan Musulmi saboda sun ƙi miƙa wuya, shi ne za a kira mutane su je su sha iska, su ci abin da suka ƙunso, su ɗauki hoto da waya suna dariya a bakin kabari? Wannan ma wata hanya ce ta binne tarihi. Mai cewa a manta da Burmi da mai cewa a je a yi nishaɗi a Burmi, jirgi ɗaya ya kwaso su, domin dukkansu ba sa son a tambayi dalilin da ya kwantar da waɗannan bayin Allah a wurin.

Akwai kuma masu cewa zuwa irin wannan wuri ɓata lokaci ne, ko ma ƙirƙira ce a addini. Amsar waɗannan a sarari take. Ya tabbata a cikin Sahihul Buhari cewa Manzon Allah (SAW) ya fita zuwa ga shahidan Uhudu shekara takwas bayan yaƙin, ya yi musu addu'a kamar mai ban-kwana. Haka kuma ya yi izinin ziyarar maƙabarta saboda tana tunatar da lahira. Ba wanda ya ce 27 ga Yuli idi ce, ko akwai wata ibada ta musamman a cikinta. Ba a ɗibar ƙasar kabari, ba a roƙon mamaci, ba a yanka. Sallama ce da addu'a, sannan a zauna a karanta tarihi. Amfanin zaɓar ranar shi ne, tsakiyar damina ce, mai ziyara zai ga ƙasar kamar yadda mutanen suka gan ta, shuka ta yi kore, rafuka sun kawo, hanya ta yi taɓo. A nan zai gane abin da ake nufi da manomi ya bar gonarsa a bakin damina, ya goya 'ya'yansa ya bi Sarkin da ba shi da gari ba shi da taska.

Saurayin da ya tsaya a Burmi, akwai abubuwan da ya kamata ya dawo da su a ƙirjinsa. Na farko, ya tambayi kansa su wane ne suka riƙe bindigogin. Turawan da ke cikin rundunar 'yan ƙalilan ne, hafsoshi ne masu ba da umarni. Sauran ɗaruruwan sojojin baƙar fata ne, da yawansu Hausawa, waɗanda aka ɗauka aiki a kan albashi. Da hannun 'yan ƙasa aka ci ƙasar. Duk wanda yau ake ba shi 'yan kuɗi ya je ya yi bangar siyasa, ya sari ɗan'uwansa don wani ya hau kujera, ya dubi wannan hoto da kyau ko zai ga kansa a ciki.

Na biyu, ya dubi yadda garuruwan suka faɗi ɗaya bayan ɗaya. An ci Bida da Kwantagora da Yola a 1901, an shiga Bauchi da Zariya a 1902, sannan Kano da Sakkwato a 1903. Shekara uku ana wannan aiki, ba a taɓa tara runduna guda ta dukkan daular an tari maƙiyi ba. Kano kuwa ba ta daɗe da fita daga yaƙin basasar da ya ɓarke a 1893 tsakanin 'ya'yan gida ɗaya ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Matasan da suke kwana suna zagin juna a kan bambancin malamai da ƙungiyoyi su sani cewa ba su ne farkon waɗanda rarrabuwa ta ci ba.

Na uku, ya yi tunani a kan makamai. Jarumta ba ta yi ƙaranci a Burmi ba, mutuwar Manjo Marsh shaida ce. Amma mashi da takobi da kwari da baka sun haɗu da bindigar da ke aman ɗaruruwan harsasai a minti guda. Waccan bindiga ilimi ne ya ƙera ta, ilimin lissafi da ƙira da sarrafa ƙarfe. Saurayin da ya dawo daga Burmi yana ta kabbara, amma ya ci gaba da gudun aji da gudun zauren malam da gudun koyon sana'a, bai fahimci abin da ya gani ba.

Na huɗu, ya san cewa mutanen wancan zamani da ilimi suka yi hukunci. Masu hijira da fatawar malamai suka fita. Waziri Buhari da ya zauna a Sakkwato ya yi sulhu don kare raunana, shi ma sai da ya nemi fatawa, ya kuma rubuta risala yana bayyana dalilansa da damuwar da ke ransa. Ba wanda ya ɗauki zuwan Nasara a matsayin abin biki. Sai jikokin baya ne suka zo suna raba lambar yabo.

Saboda haka kada 'yan'uwa matasa su tsaya jiran gwamnati ta ware rana ko ta kawo mota. Ɗaliban makarantun Islamiyya da na boko, da 'yan kasuwa da masu sana'a, su haɗa kuɗin mota tun da wuri, su nemi malamin da ya san tarihi ya raka su. Idan sun isa su nemi izinin mutanen wurin, su kiyaye gonakin jama'a, su shiga da natsuwa irin ta mai shiga maƙabarta. Wanda bai sami ikon zuwa ba, ya tara ƙannensa a wannan rana ya ba su labarin, ya koya musu sunayen Giginya da Burmi da Mai Wurno.

Allah Ya jiƙan Sarkin Musulmi Attahiru da dukkan waɗanda suka kwanta tare da shi, Ya karɓi shahadarsu, Ya ba na baya ikon gane darasin. Amin.