Wa Ya Rufe Zauren Mai Unguwa?

Masu iya magana kan ce, kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Mu dai mun bar gida tuni, amma ba mu fasa yi wa kanmu kirarin masu kishin al'ada ba. Da an ambaci gargajiya sai hankalinmu ya tafi ga hawan salla da rawani da busar algaita. A ganina waɗannan duk ganye ne. Saiwar tana unguwa, a zauren da ake raba gardamar iyakar gona, a sasanta miji da mata, a san baƙon da ya kwana da wanda ya sauke shi.

Wannan saiwa ce aka daɗe ana sara. A 1976 gwamnatin soja ta yi wa ƙananan hukumomi garambawul, ta ƙarasa rusa tsarin En'e. Ba kukan En'e nake yi ba, don iyayenmu da suka bi NEPU sun san zafin bulalar 'yan doka. To, amma an ce ikon da aka karɓe daga fada talaka za a miƙa wa. Ina ya shiga? Ƙananan hukumomi 774 gare mu, sai da ta kai Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Yulin 2024 cewa gwamnoni su daina riƙe musu kuɗi. Tsarin mulkin 1999 kuwa ko sarakuna bai yanka wa aiki ba, balle mai unguwa.

Dubi Kano. A 2019 aka raba masarautar gida biyar, a 2020 aka tuɓe Sarki Muhammadu Sanusi II, a 2024 wata gwamnatin ta soke dokar ta mayar da shi. 'Yan siyasa sun shekara biyar suna kokawa a kan rawani. Cikinsu wa ya tambayi halin da mai unguwa yake ciki?

Wani zai ce ai wannan ci baya ne, zamani ya wuce zaure. Mu mazauna kudu muna da amsa a kusa. Tun 1916 aka kafa Sabo a Ibadan, inda fataken goro da shanu suka riƙa cinikin bashi ba da takarda ba, saboda maigidan da ya sauke baƙo shi ke tsaya masa. Cikin birni aka yi haka, a tsakiyar kasuwar zamani, kuma amanar unguwa ce jarin.

Saboda haka, ya ku 'yan'uwana ɗalibai, mu daina auna kishin al'ada da girman babbar riga. Wanda bai san sunan mai unguwarsu ba, bai taɓa fita gayyar gyaran magudanar ruwa ko maƙabarta ba, ya rage mana dogon turanci. In aka yi wa ƙananan hukumomi zaɓe, mu tambayi ɗan takara a wace unguwa yake kwana, kuma wa zai tsaya masa a can.