INA LAIFIN HASBIYA?

'Yan'uwana ɗalibai da malamanmu, ƙara na kawo, kuma gabanku na kawo ta, tun da ku ne masu da'awar kishin harshen nan.

A hutun da ya wuce yayata ta haihu, aka sami 'ya mace. Ran suna aka yanka rago, aka raɗa mata sunan mahaifiyar mijin. To, kun san al'ada, yayata ba ta iya buɗe baki ta ambaci sunan surukarta, ko da kuwa a kan jaririyar da take goyo ne. Tilas a nemi laƙabi. Kakarmu, wadda tun da sassafe take kallon wata hasbiya da ta sauka a kan rumbu, sai ta ce, "Ga sunanta nan ya zo da kansa. Hasbiya." Mata suka rangaɗa guɗa. Amma da magana ta kai zaure, sai uban jaririya, mutum mai digiri har biyu, ya murtuke fuska, ya ce ba za a liƙa wa 'yarsa sunan ƙauye ba, 'yarsa ba tsuntsuwa ba ce. Ya zaro waya, ya yi ta lalube cikin jerin sunayen intanet, can ya ɗago kai ya ce a riƙa kiranta Yamama.

Yamama fa, jama'a! Duk wanda ya ɗan zauna ajin Larabci ya san yamama kurciya ce. Watau an kori hasbiya daga gida, an shimfiɗa wa ƙanwarta tabarma, don kurum ita da Larabci ta yi sallama.

Kuma ba shi kaɗai ba ne. Haisam nawa ake kira a unguwanninmu yau? Ma'anarsa ɗan mikiya. Ikrima macen tantabara ce, ga shi kuwa sahabi guda ya amsa shi, watau Ikrima ɗan Abu Jahal, wanda ya musulunta bayan buɗe Makka. Safura da muke sa wa 'ya'yanmu tun kaka da kakanni, don matar Annabi Musa, asalinta a Ibrananci tsuntsuwa take nufi. Farisawa na da Shahin, wani irin shaho. Shahararren mai zanen nan Picasso ya sa wa 'yarsa da aka haifa a 1949 suna Paloma, kurciya ke nan da Sifaniyanci. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, in ban da ɗan bokon Bahaushe, shi sai ya aro.

Na san abin da za a ce mini, wai addini. Haba! Wa ya taɓa sunan yanka? Yana nan inda liman ya ajiye shi. Maganar laƙabi ake yi, kuma abin da aka hana shi ne suna mai mummunar ma'ana. Usama da Haidar duk zaki ne. Abu Huraira, wanda malamai ba su yini ba su ambace shi ba, saboda 'yar kyanwa aka yi masa laƙabin, bai kuwa ce an mai da shi baƙauye ba.

Kada kuma a ɗora mini abin da ban faɗa ba. Ban ce a kira yaro Ungulu ko Mujiya ba, balle Hankaka mai da ɗan wani naka. Bahaushe ya san halin kowane tsuntsu, shi ya sa zaɓensa yake da ma'ana. Shamuwa in ta iso, manomi ya san damina ta kusa, sai ya fara gyaran gona. Yarinyar da ta zo a farkon ruwa, ina laifin a ce mata Shamuwa? Ga gauraka mai tukku kamar sarauniya, ga belbela mai farin riga. Alhudahuda kuwa malamin tsuntsaye muke ce masa, shi ya kai wa Annabi Sulaimanu labarin Bilkisu, har kwaleji guda ta ci sunansa a Zariya, ban ji tsofaffin ɗalibanta suna ɓoye fuska ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, laƙabin Hausa labari yake ɗauke da shi. Ka ji Tanko, ka san mata yake bi. Ka ji Gambo, ka san tagwaye ne a gabansa. Marka cikin ruwa aka haife ta. Hasbiyar kakarmu ita ma labari ce: wata safiya, wani rumbu, wata tsohuwa da ta ga tattaɓa-kunnenta. Yamama kuwa ba ta tuna wa kowa kome, sai dai ranar da waya take da caji.

Mu ma nan kada mu wanke kanmu. Mu ne muke rubuta kundi a kan sunayen Hausawa na gargajiya, a ba mu maki, mu karɓi digiri, ran da aka yi mana haihuwa kuma mu ruga wurin wannan jerin. Na ƙalubalanci duk wanda ya yi digiri a Hausa ya zo taronmu na gaba ya gaya mana laƙabin 'ya'yansa.

Kafin in dawo makaranta na gaya wa mijin yayata ma'anar Yamama. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce ai duk da haka ya fi daɗi a baki. Kakarmu dai ta ce ita harshenta ya tsufa, ba ya iya sabon suna, Hasbiya take kira, kuma yayata ta aiko mini cewa yarinyar ta fara waiwayowa.